Tagogin Auta

Auta ta taɓa yin rigima da ubanta a kan taga, ta kuma sha kaye. Shi magini ne, shi ya gina ɗakinta, ya huda mata wata 'yar taga wadda ko kyanwa sai ta rage tumbi kafin ta bi.

"Baba, wannan taga ce ko ramin ɓera?"

"Da kin yi magana lokacin da ake ginin."

"Lokacin ai ina goye!"

"To, ni dai siminti ya bushe."

Haushin nan ne ya kai ta karatun zanen gine-gine. A shekarar ƙarshe aka ba ta aikin fita: ta tsara fuskar wani ɗakin karatu a kwamfuta. A manhajar da take aikin da ita ba a zana taga ɗai-ɗai. Ƙa'ida ake kafawa, a haɗa akwatuna da igiyoyi kamar hanjin akuya, sai a ja wani ɗan maɓalli dama ko hagu, duk tagogin su buɗe ko su tsuke lokaci guda. Ta yi bango huji-huji kamar rariya, manya a gefen inuwa, ƙanana inda rana ke duka. Ya yi kyau, ba ƙarya.

Sai rawar kai ta sa ta nuna wa malaminta maɓallin. Nan ta ɗaure kanta, domin mutumin ko hula sai matarsa ta zaɓa masa.

"Ɗan ja dama mu gani. A'a, mayar hagu. Kai, na makon jiya ya fi. Je ki dawo."

In bai sa hannu ba, ba ta gama makaranta. Abokan karatunta, masu tagogi huɗu-huɗu kamar akurki, suka miƙa nasu suka watse. Ita ko tana nan a ɗakin zane, ita da fanka mai kuka da kujerar da ta lotsa daidai ƙugunta. Ta koma gida, ramin ɓera ya tare ta. Yarinya mai tagogi fal kwamfuta, ba ko ɗaya da za ta leƙa ta sha iska. Ta rame har uwarta ta fara tambaya ko wani ne ya yaudare ta.

Ranar rufe karɓar aiki ta zaɓi tsari guda, ta daskarar da shi, ta goge igiyoyin kaf, har da kwafin ajiya. Ta kai wa Malam.

Malam ya kama linzamin kwamfutar yana lalube. "Ina abin jan nan?"

"Na goge, Malam."

"Kin goge! Da izinin wa? Ni da nake ganin na saman nan, da an ɗan..."

Ya dai sa hannu ranar, yana ƙunƙuni, bayan da ta tura masa biro ta ce, "Malam, siminti ya bushe."