Hazbiyar Inna

A gidanmu na Garwa, duk wanda hazbiya ta fito masa a fatar ido, shari'arsa ta ƙare tun kafin ya buɗe baki. Inna, mahaifiyata, ta yanke hukunci tun muna ƙanana: hazbiya ba ta fitowa sai ga marowaci, wanda aka roƙe shi abu ya hana. Ni kam na sha wannan gorin har na gaji. Ido ya kumbura, ga zafi ga ƙaiƙayi, maimakon a yi mini sannu sai Inna ta kama haɓata ta ce, "Faɗi gaskiya, wa kika hana gyaɗa?"

To, ranar da abin ya faɗo kan mai dokar, ina gida. Na zo hutu daga Marwa inda nake koyarwa, a tsakiyar zafin nan na Garwa da ko kujerar ƙarfe ba ta zaunuwa. Da safe Inna ta fito daga ɗaki ta ja mayafi ya rufe mata rabin fuska, tana gaishe ni da ido ɗaya. Na matsa, ta kauda kai. Na ɗaga mayafin, sai ga hazbiya ja jawur, ta yi ɓul kamar ƙwayar wake.

Wallahi na yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. Na ce, "Inna, faɗi gaskiya, wa kika hana?"

"Ke, tashi ki ba ni wuri, marar kunya!"

Abin da ya sa maganar ta yi mata ciwo shi ne, duk gidan mun san amsar. Katanga ɗaya ce ta raba mu da Madam, Kirista ce 'yar garin Kayele, kuma tun kafin a yaye ni suke tare da Inna. Ranar Sallah kwanon farko nata ne, ranar Kirsimeti kwanon farko namu ne. Sai ga shi mijin Madam ya gama aiki a kamfanin auduga, za su koma garinsu ƙarshen wata. Inna ba ta ji labarin a bakin Madam ba, a bakin mai kifi ta ji shi, a kasuwa, a gaban mutane. Ta dawo gida tana huci. Kashegari da Madam ta leƙo ta kan katanga tana neman aron babban turmi, Inna ta ce ya tsage. Turmin nan lafiyarsa lau, ina zaune a kansa ma lokacin. Daga ranar gaisuwa ta tsaya. Wata yana ta tafiya, ni kuwa tsorona ɗaya, kada motar kaya ta zo ta kwashe matar nan ba su yi sallama ba. Na san Inna, za ta yi kukan abin har ƙarshen ranta, amma ba za ta taka ƙofar Madam ba.

Dariyata ce ta tona asiri. Ba a jima ba sai ga Madam ta shigo, ba wanda ya kira ta, da tsumma fari ƙal a kafaɗa da wani ɗan bututun roba mai tsawon yatsa. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Hajja, buɗe in gani."

Inna ta ce, "Ba komai ba ne."

"Na ji. Buɗe."

Ta sa na ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta jiƙa tsumman ta ɗora a kan idon. Ta kafa dokoki: ba matsewa, ba sosawa, ba kwalli, in kuma kumburin ya bazu ko gani ya dushe, asibiti za a tafi, babu gardama. Sannan ta ɗaga bututun. Ta ce maganin omeyopati ne, wani irin maganin Turawa, 'yarta ta sayo mata a farmasi, taimako ne kawai, babban aikin na ruwan ɗumi ne. Ƙwayoyi ne farare ƙanana kamar gero. Ba a taɓa su da hannu, sai a juya bututun su faɗa cikin murfi, a zuba ƙarƙashin harshe, a bari su narke.

Inna ta tsotsa, ta yamutsa fuska. "Wannan ai sukari ne. Ido ke ciwo, a ba baki alewa?"

"Kuma ba goro kafin a sha, ba goro bayan an sha."

"La'ilaha! Gara ki cire idon."

Inna ta miƙa hannu a bar mata bututun, Madam ta sa shi a jaka. Ta ce, "Na san ki sarai, Hajja. Ko ki haɗiye su duka lokaci ɗaya, ko ki daka su ki zuba a kwalli. Ni zan riƙa zuwa da kaina."

Haka kuwa aka yi. Safe, rana, yamma, Madam na shigowa. Da farko kamar gidan makoki, ita ta riƙe tsumma, Inna ta ɗaga kai sama, ba mai cewa uffan. Amma zaman ruwan ɗumi yana da tsawo, kuma Inna ba ta iya shiru ba. Wata rana, ido a rufe da tsumma, sai ta fashe: "Ashe ni sai a bakin mai kifi zan ji?"

Madam ta sake jiƙa tsumman. Can ta ce, "Sau nawa na zo bakin katangar nan in faɗa miki, bakina ya ƙi. Na iya faɗa wa kowa, ban da ke."

Na sulale na shige kicin, don idona ya cika. Kafin la'asar na jiyo su suna zagin mai kifin tare, suna ƙyaƙyata dariya, Inna na ƙwala mini kira in gangara da turmi gidan Madam.

Hazbiyar ta fashe da kanta ta bushe. Ko ƙwayoyin ne, ko ruwan ɗumin, ko dai lokacinta ne ya yi, ni ban sani ba, kuma ba zan rantse a kan ko ɗaya ba. Abin da na sani, idon Inna ya warke tas, amma ta ƙi sa kwalli, ita da ko jana'iza ba ta zuwa ba kwalli. Da ta ji takun Madam sai ta ja mayafi ta kanne idon, har da ɗan nishi.

Ana gobe kamiyo, motar kayan nan, zai zo ɗaukar kayansu, Madam ta shigo da yamma kamar kullum. Ina kusa, ina kallo. Ta ɗaga mayafin ta duba idon nan da ba abin da ya same shi, ta girgiza kai ta ce, "Kai, da saura." Ta ciro bututun ta juya, ta sake juyawa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba, ashe ya ƙare tuni. Ta kai murfin bakin Inna haka nan. Inna ta ɗaga harshe ta karɓa, ta rufe baki, ta zauna tana tsotsa a hankali, hannunta riƙe da gefen zanen Madam.