Man Kabarin Shahidi a Kekena

A shekarata ta uku a Jidda ina ɗinki a wani shago a Bab Makka. Mu biyu ne, ni a kan keke, sai wani dattijo Bamisire mai yanka yadi. Kirista ne, amma bai cika zancen addininsa ba.

Ana saura kwana huɗu babbar salla kekena ya cije. Dattijon ya fita kai saƙon kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ga jallabiyoyi jibge, man keke kuma ya ƙare. A bayan almakashinsa na hango 'yar kwalba kamar ta turare, babu rubutu. Na shinshina, mai ne. Na ɗige shi duka a keken, ya saki, na jefa kwalbar a shara.

Washegari na tarar da shi yana ɗaga yadudduka ɗaya bayan ɗaya.

"Mu'allim, me ya ɓata?"

Ya zauna ya ba ni labari. A ƙasarsu akwai wani tsohon coci a hamada, an gina shi a kan kabarin wani soja na zamanin Rumawa. An umarce shi ya yi wa gunki sujada ya ƙi, aka sare masa kai. Raƙumi ya ɗauko gawarsa, inda ya durƙusa ya ƙi tashi nan aka binne shi. Har yau fitila na ci a wajen kabarin. Ranar da dattijon zai baro gida, mahaifiyarsa ta je can ta ɗibar masa man fitilar. Shekara goma sha ɗaya kwalbar na tare da shi.

Nan na gane kwalbar da na jefar ce. Na taya shi nema, alhali na san motar shara ta wuce tun da safe. Kwana biyu na kasa haɗa ido da shi.

A rana ta uku bayan azahar na tsayar da keke. "Mu'allim, ni ne. Na zuba a keke."

Ya dube ni, ya dubi keken. Sai ya ɗauko waya ya kira mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ya gaya mata. Sai na jiyo dariyarta har da tari. Ya miƙo mini wayar.

"Ɗana," in ji ta, "keken ya yi aiki?"

"Ya yi, Umma. Ki yafe mini."

"To ai man bai tafi a banza ba. Fitilar na nan, sai in aiko da wani."

Dattijon ya share ido da bayan hannu, ban sani ba ko dariyar ce ko kewar gida. "Halas, ya wuce," ya ce. "Amma da ka faɗa tun farko, da bayana bai yi ciwo da nema ba."

Sai a lokacin na ji yunwa. Na fita na sayo mana burodi da wake, muka ci a kan teburin yanka.