Kunnen Almustapha

Duk wanda ya san kasuwar Kafur ya san Almustapha mai masara, dogon nan da bai iya dariya a hankali ba. Manomi ne ɗan manomi, bai yi boko ba, abin kuma bai taɓa hana shi barci ba, tunda yana da Sanda. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Da Sanda ya buɗe kemis mutanen gari suka laƙaba masa Dakta, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Almustapha kaɗai ke kiransa Gajere a gaban kowa, kuma kowace kaka buhun farko da ya ɗinke gidan Sanda yake tafiya.

Tun yana saurayi zuciyarsa kan tashi da gudu haka kawai, ta yi ta lugude, sannan ta lafa. Da abin ya yi yawa aka tura shi Zariya, Sanda ya bi shi don ya yi masa tafinta, domin likitan ba ya jin Hausa. Likita ya ce an haife shi da wata ɓarauniyar hanya a zuciya. Ya ja kunne cewa wasu magungunan rage gudun zuciya babbar hanyar suke tarewa, sai bugun ya kwarara ta ɓarauniyar, mutum ya faɗi matacce. Ya jero sunayensu da Turanci.

"Bar wannan a hannuna," in ji Sanda. "Ni ne kunnenka."

Almustapha ya bar masa kuwa.

Wata kaka ana tsakiyar casar masara ciwon ya taso. Ya lallaɓa kemis dafe da ƙirji, ya tarar shagon cike da mutane, kowa na Dakta, Dakta. A gaban wannan taro Sanda zai ce abu ya fi ƙarfinsa, a tafi asibiti? Ina! Ya ɓallo ƙwayar da yake ba tsofaffi masu faɗuwar gaba.

"Gajere, wannan ba ta cikin waɗanda aka hana?"

"Haba Almu, ni zan kashe ka?"

Ya sha da bisimilla. Bayan la'asar ya kife a kan tarin masara. Matarsa Hajo ta yi kururuwa, aka sa shi a mota sai asibitin Malumfashi, inda sai da aka ɗora masa na'ura a ƙirji kafin zuciyar ta dawo daidai.

Da ya farfaɗo ya ga Sanda tsaye a kansa, ya ji daɗi har ransa. Wata likita ta tambayi abin da ya sha. Sanda ya yi wuf ya amsa da Turanci, ya yi ta zuba. Sai likitar ta juyo, ashe Bahaushiya ce.

"Baba, an hana ka, an ƙara hana ka, amma ka ɗauki maganin mahaifiyarka ka sha a ɓoye? Ba don wannan bawan Allah ba, da yanzu wani zance ake yi."

Inna, mahaifiyarsa, tunda take ba ta taɓa haɗiye ƙwaya ba, sai saiwa da sassaƙe. Almustapha ya dubi Sanda, Sanda ya dubi ƙasa. Ƙwayar ba ta yi masa ciwon da wannan ƙaryar ta yi masa ba. Kuskure kowa na yi, amma a tsaya a kanka a sayar da kai da harshen da ba ka ji, wannan cin amana ne.

"Kuskure ne, likita," in ji Almustapha. "Amma don Allah ki faɗa mini sunayen magungunan da aka hana ni da bakinki, a hankali."

Ya haddace su kamar karatun allo. Har yau in yana huɗa da shanu za ka ji yana maimaita su, yana karya musu wuya. Bai tona asirin kowa ba, buhun farko dai masallaci yake kai shi yanzu.

Ranar da ya fara fita kasuwa, Sanda ya taso daga shago da fara'a, ya miƙo hannu biyu.

"Almu! Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Dakta," in ji Almustapha, ya wuce.