Mai Guga da Shimfiɗar da Ta Ƙi Kwanciya

Shekara talatin da ɗaya ɗan ƙanena ya yi yana guga bai ƙona ko hankici ba. Ba ni na ƙirga ba, shi ne yake faɗa wa duk wanda ya tsaya a bakin shagonsa, ko da hanya mutum ya zo tambaya. Har mai fenti ya sa ya rubuta masa a ƙasan allon shagon, wai "Ba ma ƙona kaya". Ni ban san baƙi ba, amma an karanta mini layin nan ya fi sau ɗari, kuma shi ne mai karantawar.

A hannuna ya tashi bayan rasuwar ubansa, don haka na san inda abin ya faro. Tun yana ƙarami ba ya son ganin abu a tanƙware. In na shimfiɗa tabarma gefenta ya naɗe, sai ya bar abincinsa ya je ya zauna a kan wurin. An kai shi wajen makaniki, ya gudo saboda maiƙo. An kai shi wajen tela, ya ce allura na sa masa ciwon ido, amma a can ya ga dutsen guga, shi ke nan. Sunansa ya ɓace, kowa Mai Guga yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Ita ce take cewa ba ta yarda ta daɗe a zaune kusa da teburinsa, kada ya fesa mata ruwa ya fitar mata da kari.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan benen da muke ciki. Akwai tebur na katako mai kauri, an lulluɓe shi da bargo biyu da farin yadi. Akwai duwatsun guga uku: babba na zanen gado da labule, matsakaici na riga da wando, ƙarami na wuyan riga. Ni kujerata tana bakin ƙofa, ina sayar da sabulu da sitaci, ina kuma ganin abin da ba a tambaye ni ba.

'Ya'yansa huɗu, uku sun kama gabansu. Saura Auta, mai shekara ashirin da biyu, wadda take aiki da safe a shagon buga takardu. A ƙarƙashin teburin gugar nan ta yi rarrafe, amma da ta girma sai hira ta ƙare tsakaninta da ubanta. Ba faɗa suka yi ba. Shi zancensa yadi, ita zancenta kwamfuta, sai gaisuwa da "kin ci abinci?"

Wasan harbi take yi a kwamfuta, irin wanda ake karawa biyar da biyar. Da farko na ɗauka shiririta ce, har yanzu ma ban gama sauya ra'ayi ba, amma na ga ana gasa a kai, ana sa riga iri ɗaya, ana tafiya wasu garuruwa. Wata ƙungiya da ake ji da ita a garin ta rasa mutum ɗaya, suka ce ranar Asabar da la'asar za su gwada mutum uku su ɗauki guda. Auta tana cikin ukun. Shekara biyu take jiran a kira ta.

A wannan wasa kowa da kayan hannunsa yake zuwa. Akwai ɗan abin nan da ake dafawa da tafin hannu ana ja a kan tebur, mawus, sai kuma shimfiɗar da yake gudu a kanta. Tata baƙin yadi ce, bayanta roba, faɗinta ya kusa rabin tebur. Daga nesa ta sa aka kawo mata, ta zo a naɗe cikin dogon kwali. Mako uku tana horar da hannunta a kai, har ta ce mini yanzu ko ido rufe ta san inda zai tsaya. Matsala ɗaya, kusurwa guda ta ƙi kwanciya. Kullum in za ta fita aiki sai ta ɗora mata littattafai.

Ranar Alhamis da safe Mai Guga ya hau sama ɗaukar mukulli, ya ga kusurwar ta ɗaga littafi sama. Na gan shi ya sauko da shimfiɗar a kafaɗa. Na ce masa wannan ba kayan wanki ba ne. Ya ce, "Gwaggo, yadi ne. Ba a yi yadin da zai ƙi kwanciya a hannuna ba."

In faɗi gaskiya, bai yi gaggawa ba. Ya shafa fuskar, ya juya ya ga roba, ya rage wuta, ya ɗora siririn ƙyalle a sama. Ya goga sau ɗaya, kusurwar ta kwanta, ya ɗaga dutse, ta miƙe. Ya sake, ta sake. A karo na uku ya ƙara wuta kaɗan ya danne da nauyin kafaɗarsa, yadda yake yi wa wuyan riga mai taurin kai. Ni na fara jin warin. Da ya ɗage ƙyallen, ga siffar dutsen guga tana sheƙi a kan baƙin yadin, robar ƙasa kuma ta tattare, gefen ya yi tudu da kwari. Kusurwar dai ta kwanta, wannan ba zan hana shi ba.

Ya tsaya yana kallonta har wani direba da ya kawo wanduna ya gaji ya ajiye ya tafi.

Auta ta dawo da azahar. Ta ɗora mawus a kai ta ja. A wurin sheƙin ya zame kamar a kan mai, a wurin tudun ya tuntuɓe. Ba ta yi kuka ba, ni ma da na raina ta da ta yi. Ta ce, "Baba, wa ya sa ka?" Ta ce in an sake yin odar irinta sai bayan mako uku, gwaji kuma jibi ne. Ta hau sama ta rufe ƙofa.

Shekara da shekaru yana zagin masu gugar da ke ƙona kayan mutane su ɓoye a tsakiyar ninki. Yakan ce wanda ya ƙona, ya bi mai kaya kasuwa da ƙafarsa ya maye masa. Na tuna masa da wannan, a hankali, sau biyu. Washegari da hantsi ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori. Auta ta ce ba sai ya je ba. Na ce mata zai je, ni ma zan je, don ban taɓa ganin kasuwar 'yan kwamfuta ba, kuma ba na so a ba ni labarin wannan rana ta bakin wani.

Shagon da muka shiga ƙunci ne da shi, fitilu kala-kala ko'ina. Mai shagon mutum ne mai baki, kafin mu zauna ya zube shimfiɗu takwas. Wannan ta gudu ce, wannan ta tsayawa, wannan ta gilashi, wannan gefenta yana kawo wuta. Irin ta Auta ce kawai babu. Ya fi matsa mana a kan wata mai hoton damisa, wai ita zakarun duniya ke amfani da ita. Na tambaye shi ko damisar ce take harbin. Ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi.

Mai Guga ya saurari tallan har ya gaji da tsayuwa. Sannan ya ce a fitar da shimfiɗun daga leda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannunsa, ya shafa a kwance, ya shafa a tsaye. Ya ture mai damisar gefe, ya ce saƙarta tana gudu ta dama da hagu amma tana riƙewa in an yi sama da ƙasa, fentin hoton kuma ya sa wani wuri ya fi wani santsi. Mai shago ya ce ba haka aka rubuta a kwali ba. Auta ta ɗora mawus ta gwada, ta ɗago ta kalli ubanta.

Sai ya ce mata ta yi yadda take yi in ana wasan. Ta ja hannu daga wannan gefe zuwa wancan ta tsaya cak, ta sake. Ya ce, "Ashe da gwiwar hannu kike aiki. Gugar zanen gado ke nan. Masu yi da wuyan hannu su ne 'yan wuyan riga." Ya ce mai irin wannan jan tana bukatar fili, da yadin da zai sake ta ta tafi amma ya riƙe ta in ta tsaya. Ya tambaye ta ko tafinta yana gumi, ta ce sosai. Ya fito da gorar fesa ruwansa daga aljihu. Ban san ya taho da ita ba, amma ban yi mamaki ba. Mai shago ya fara "Yallabai, yallabai", shi kuwa ya riga ya fesa wa guda uku a gefe. Biyu suka yi danƙo a ƙarƙashin yatsa, ɗaya ba ta sauya ba. Baƙa ce, ba hoto ba wuta, ɗinkin bakinta ya kwanta ba ya kartar hannu, kuma a shimfiɗe take zuwa, ba a naɗe ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi faranta masa. Ita ya saya mata.

Mai shago ya ga ciniki ya yi sanyi, sai ya koma kan mawus. Ya ce nata ya tsufa, ya yi nauyi, ga wani mara nauyi mai ramuka a baya. Mai Guga ya ɗauki na Auta ya auna a tafinsa, ya ɗauki sabon, ya sa ta dafa kowanne. Ya ce gaskiya ne, nata ya yi wa hannunta girma, ƙaramin yatsanta ja yake a ƙasa. Ta ce ta saye shi ne don wani gwani da take kallo da shi yake wasa. Ya ce wannan gwanin da hannunsa ya zaɓa, ba da nata ba. Amma ya mayar wa mai shago sabon. Ya ce shi ba ya sauya dutse ranar babban aiki, kuma abu ɗaya da ya sauya mata a makon nan ya isa. Ya juya tsohon, ya nuna 'yan fararen tafukan da ke ƙasansa, na hagu sun cinye. Waɗannan aka sauya.

Da muka dawo ya hau sama ya girgiza teburinta, ya ce rawa yake. Ya sauko ya yaye bargo biyu da farin yadi daga teburin guga. Tun da aka kawo teburin nan ban ga katakonsa ba sai ranar. Aka sauko da kwamfutar, Auta ta zauna a tsakiyar rigunan mutane tana harbi har yamma, ta ci gaba da safiyar Asabar. Masu kaya suna zuwa yana ba su haƙuri. Wani malamin makaranta ya tafi ɗaurin aure da rigar da ba a goge ba, har yau ba ya gaishe mu da kyau.

Ranar Asabar ta tafi ita kaɗai da shimfiɗar a cikin kwalinta. Ta dawo kafin rana ta faɗi. Daga yadda ta riƙe kwalin na gane, amma shi sai da ta faɗa. Ba a ɗauke ta ba. Ta zo ta biyu, wani ma'aikacin asibiti ya wuce ta da kaɗan.

Ya tambaye ta ko shimfiɗar ce. Na zuba ido in ga ko za ta yi masa ƙaryar da ake yi wa iyaye. Ta ce, "Shimfiɗar ta fi waccan, Baba. Amma kwana ɗaya bai isa hannu ya saba ba. Sau biyu hannuna ya zarce wanda zan harba a zagayen farko, da su aka ci ni." Ya gyaɗa kai. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce masa "ba komai" ba. A gidanmu ba mu iya waɗannan ba, kuma laifina ne, ni na raine shi.

Kwamfutar ba ta koma sama ba. Ya mayar da bargo a rabin teburin, ɗaya rabin ya bar mata. Yanzu da rana shi yana jan dutse ta nan, ita tana jan mawus ta can, wani lokaci gwiwar hannunsu ta yi karo su yi wa juna tsaki. Ta koma wajen mai bakin nan ta ɗauki ƙaramin mawus daidai tafinta, tare suka je. An ce ƙungiyar za ta sake gwaji bayan damina, ko za a kira ta ko ba za a kira ta ba, ban sani ba. Abokan wasanta sun fara kawo masa shimfiɗunsu. Yana wanke su da ruwan sanyi, ya shanya a inuwa, in kusurwa ta naɗe ya ɗora mata babban dutsen guga, a kashe, ya bar ta kwana biyu.

Sati biyu bayan gwajin na ga mai fenti a kan tsani a bakin shago. Na riga na ce ban san baƙi ba, amma na san allon nan layi uku ne da shi, yanzu biyu ne. Na tambayi Mai Guga me aka goge. Ya ce fentin ne ya tsufa. Na ce to, na sama bai tsufa ba? Ya fesa wa rigar da ke gabansa ruwa, ya ce Auta ta matsa da gwiwar hannunta.