Yahya Mai Tsire, Makaɗin Tsatsa

Yahya ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Taubasai ke nan, kuma mun riƙe wasan taubasantaka fiye da kakanninmu da suka zo aikin hajji suka zauna. A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife mu, gida ɗaya, ya girme ni da shekara biyu. Tun tasowarmu ban taɓa gaya masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba. Ina kiransa Hayaƙi, don ƙaurin gashi ba ya barin rigarsa. Shi kuma yana kirana Agwagwa, wai haka muryata take. Sunana Munir, amma na fi shekara ashirin ban ji shi a bakinsa ba.

Kawu Lado, mahaifinsa, tsire yake gasawa a Bab Makka, abin da mutanen Jidda ke kira siriyya. Da ƙafa ta fara damun Kawu, Yahya ya bar makaranta ya karɓi teburin. Ya iya yanka, ya iya haɗa ƙuli da yaji, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ka ba shi tsinken tsire biyu, sai ya kaɗa bokiti, ya kaɗa faranti, in kanka na kusa ya haɗa da shi. Kawu ya yi faɗa har ya gaji.

Lokacin da aka fara barin matasa su yi wasan kiɗa a fili, muka kafa ƙungiya mu uku. Ni ke waƙa da gita, Abdulelah maƙwabcinmu, ɗan asalin Hijaz, yana riƙe gita mai kaurin murya, Yahya na kan ganguna. Kiɗan da ake kira pank muke yi: sauri, ihu, waƙa ba ta wuce minti biyu, a kan zafin gari da neman aiki da mai gidan haya. Muka sa wa kanmu suna Tsatsa, tunda iskar tekun nan ba ƙarfen da take bari. A wani sito bayan shagon gyaran AC a Sharafiyya muke gwaji, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gangunan gwanjo ne, ɗaya ma da waya Yahya ya ɗaure ta.

Wasanmu na farko a wani ɗan shagon gahawa, mutum tara suka zo. Huɗu 'yan gidanmu ne, kuma biyu daga ciki sun toshe kunne. Na dawo da damin takardun talla da ba wanda ya karɓa, ina huci. Yahya ya kwashe su.

"Kawo nan, ya Agwagwa. Mutum zai jefar da takarda, amma ba zai jefar da nama ba."

Daga ranar, duk wanda ya sayi tsire a teburinsa, a takardar Tsatsa ake naɗe masa. Mutum ya buɗe, mai ya jiƙe fuskar Abdulelah, ga rana ga wuri a rubuce. In ya tambaya, Yahya ya kaɗa masa tsinke a kan tire ya ce, "Ni ne mai gangar, ta'al, zo ka gani." Haka suka fara zuwa: masu dako, ɗaliban jami'a, 'yan Sudan, 'yan Filifin masu aikin asibiti, da yaranmu haihuwar nan da ke jin Hausa amma suna kunyar yin ta. Tara ta koma arba'in, arba'in ta koma ɗari da ɗoriya. Kowa ya san shi, shi ma ya san kowa, in bai san suna ba ya san yawan yajin da mutum ke so. Ni na rubuta waƙoƙin, kuma na daɗe ina tinƙaho da haka. Amma mutanen nan na Yahya ne.

Shekara biyu muna haka, sai wata mai shirya wasanni, Manal, ta kira ni. Babban zaure ne a arewacin gari, mutum ɗari biyar, da lasisi da komai. Sharaɗinta ɗaya: kowa ya turo hoton takardarsa. Abdulelah ɗan ƙasa ne, tawa iƙamar kuma, wato takardar izinin zama, lafiya lau. Ta Yahya ta mutu fiye da shekara, tun da kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a takarda, ya rufe kamfani ya daina ɗaga waya. Mutumin da aka haifa a Ruwais, wanda bai taɓa ganin Najeriya ba sai a bangon fasfo, ba zai iya hawa dandamali a garinsu ba.

Abdulelah ya ce mu ɗauki wani makaɗi, Meshari, na wannan wasan kawai. Na yarda, kuma ban yi jinkirin yarda ba, gara in faɗi gaskiya. Sai ya ce, "Kai za ka gaya masa, ɗan'uwanka ne."

Na je Bab Makka da yamma, na same shi yana fifita wuta. Na shirya magana tun a mota, amma da na ga fuskarsa sai na kasa fara ta. Ban san yadda ake yi wa Yahya maganar gaske ba, ban taɓa koya ba. Sai na kama hanyar da na saba.

"Hayaƙi, an ce ba a shigar da marasa takarda. Halas, mun samo wanda ya fi ka."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yalla, ya shekh! Ku fara samo mai murya tukuna."

Ya miƙo mini tsinke biyu masu zafi. Na ga sarai bai ɗauka da gaske ba. Me zai sa ya ɗauka? Na gaya masa abin da ya fi wannan muni sau dubu. Abin da ya rage kawai in ɗaure fuska in ce, Yahya, ba wasa nake ba. Na cinye naman, na share baki, na tafi. A mota na kira Abdulelah na ce na gaya masa.

Mako biyu yana naɗe tsire a takardar wannan wasan. Ina wucewa in ga, in kau da kai. Kullum sai in ce gobe.

Ranar wasa da la'asar muna gwada na'urori, sai ga shi ya shigo da babbar ganga a kafaɗa. Ya yi aski, ya sa sabuwar riga, ko ƙaurin hayaƙi babu. Mai gadi ya bar shi ya wuce don ya zaci ɗan dako ne. Ya tsaya a tsakiyar zauren. Meshari na zaune a bayan wasu ganguna masu ƙyalli. Yahya ya dube shi, ya dubi Abdulelah, sannan ya juyo gare ni.

"Munir," ya ce. "Ashe da gaske kake."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ajiye gangar, ya hau wurin Meshari, ya nuna masa inda ake tsayawa cak a waƙa ta uku, don ya ji yana kuskurewa. Sannan ya saɓi kayansa. Na kai hannu zan kama masa, ya ce, "La, bar shi."

Zaure ya cika. Tun kafin mu fara, mutanen gaba suke kiran sunansa. Na kama makirfo na ce Yahya ba shi da lafiya, a sa shi a addu'a. Aka yi wasa, aka yi tafi, Manal ta ba mu wani wasan, sannan wani. Meshari yaron kirki ne, kuma ya iya. Ya zauna da mu ke nan.

Shekara huɗu ke nan. Muna haɗuwa a suna da Idi, mu gaisa cikin mutunci kamar surukai. Mahaifiyata ce ta fara lura. Ta ce, "Me ka yi wa ɗan yayana da ya daina zaginka?" A bakinta na ji an gyara masa iƙama wata takwas bayan wasan. Ban je ba. Na ce wa kaina yanzu ya yi aure, ga Kawu a kwance, ina zai sa kansa a hayaniya. Ƙarya nake yi wa kaina, tsoro ne kawai.

Watan jiya na daure na je. Na jira layi ya ragu, na tsaya a gabansa, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun wancan lokaci, ba dariya. Na ce na cuce shi, na ce ya dawo, wurinsa na nan. Yana juya nama yana saurare har na gama.

"Gangunan na bayar tuntuni," ya ce. "Kuma takarda ba laifinka ba ce. Da ka dube ni ka faɗa, wallahi da ni zan ɗauko muku kaya in kai, in tsaya a waje in jira ku."

Ya barbaɗa yaji, ya naɗe wa wata mata nata, sannan ya ƙarasa.

"Mutum sama da ɗari na ce wa su zo su gan ni, da bakina. Washegari duk nan suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, suna yi mini sannu da jiki. Kowa na ce masa da sauƙi, don kada a ce ɗan gwaggona maƙaryaci ne."