Bagaruwa a Gorar Matar Yayana

Bari in fara da laifina, tunda shi ya jawo sauran. Bara da damina na shanye maganin matar yayana. Ba kurɓa ɗaya na yi ba, ba biyu ba, sai da na hango gindin gorar. Dalilina kuwa bai kai ƙwayar gero girma ba: ƙanshin zuma na ji.

Matar yayan nawa 'yar Shagari ce, shekararta biyu a gidanmu na Bodinga. Yayana tela ne, a rumfarsa ta kasuwa yake wuni. Ni kuwa da an tashe mu daga elemantare sai gida, don haka ni ne abokin faɗanta. Tsakanin mace da ƙanin mijinta ai ba mai shiga. Tana kirana mijin banza, wanda ko gishiri bai taɓa sayo mata ba. Ni kuma ina kiranta uwar ƙauri, don ta taɓa ƙona tuwo sau ɗaya tak, ban kuwa bari ta manta ba. Duk da haka ita ke ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

Amma a kowane wata akwai kwana huɗu ko biyar da ake ɗauke mana wannan mata a kawo wata. Fuska a ɗaure. In na tsokane ta, maimakon ta rama sai ludayi ya wuce ta gefen kunnena. Na taɓa ganin tana kuka don kaza ta taka mata tabarma. Sai ta bar cin goro, ita da ke iya tauna goron unguwa guda kafin azahar. Sai ta ce a ɗebe mata miya tun ba a cika gishiri ba. Inna takan dumama rairayi a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta miƙa mata ta ɗora a ƙugu. Da la'asar kuma Inna ta tura ta rijiya mai nisa, ga ta kusa tana kallonmu, wai tafiyar ce ake so.

Sai kuma gorar. Kakarta ce ke aiko da ita daga Shagari ta hannun wani mai jakin albasa, a rataye ta a ragaya cikin ɗakinta, tana kurɓa safe da yamma.

Na tambayi Inna mene ne a ciki. Ta ce, "Ina ruwanka? Zancen mata na." Na tambayi yayana, sai ya duƙufa a kan allurarsa kamar yau ya fara ganin allura. Da na ga kowa ya rufe baki, sai na yanke wa kaina hukunci: aljanu ne ke kawo mata ziyara wata-wata, abin cikin gorar kuwa toshiyarsu ce.

Ran da abin ya faru matan gidan duk sun tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Na shiga ɗakinta don in ɗaure mata bakin zane da igiyar gado, aikin da na saba. Ina ɗaga kai na yi karo da gorar. Na cire marfin don in sunsuna kawai, wallahi sunsunawa kawai. Zuma. Na kurɓa. Ga yajin citta, ga kanumfari, ga tsamin tsamiya, sai wani ɗan ɗaci can ƙarshe wanda zumar ta danne. Na ce aljanun nan sun san daɗi. Kafin in gama wannan tunanin gorar ta zama fanko.

Nan hankalina ya dawo. Dole in mayar da wani abu mai irin launin, ja-ja, baƙi-baƙi. A bayan gidanmu akwai wani tsoho majemi da tukwanensa. Na leƙa ba ya nan, ga wata tukunya ya jiƙa bagaruwa sabuwa, bai ko sa fata a ciki ba. Launin ya yi daidai kamar da gangan. Na cika gorar, na girgiza don ta kwashi ɗan sauran zumar, na mayar ragaya. Har na yaba wa kaina da wayo.

Washegari da safe ban ji ƙarar niƙan matar yayana ba. Abin da na ji nishi ne, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Inna tana kai da kawo tsakanin murhu da ɗakin da ƙullin rairayi. Na ji amai. Na laɓe na leƙa ta gefen asabari: tana kwance ta naɗe kamar kifi a kasko, ta danne mara da hannu biyu, gumi ya jiƙa mata goshi. A ƙasa kusa da ita ga gorar a kwance, ba komai a ciki.

Ta shanye.

Na fita na zagaya bayan gidanmu. Na tarar da majemin yana tsamo fatar akuya daga tukunya, ta yi ja, ta takure. Na gaishe shi, na ce, kamar wanda ba abin da ya dame shi, "Baba, in mutum ya sha wanga ruwa hwa?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Sai a hidda hanjinai a ɗunka jaka."

Wasa yake yi, yanzu na sani. A lokacin kuwa na ga hanjin matar yayana yana takurewa a cikinta kamar fatar nan, ɗan kaɗan ɗan kaɗan. Na ga dogarai a ƙofar gidanmu. Na ga alkali. Na ga an tasa ni a gaba zuwa Sakkwato da igiya a ƙugu, yaran makarantarmu suna bi suna kallo, can kuma wata igiyar tana jiran wuyana. Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba igiyar ba ce. Faifan nan ne, da zan ɗaga in tarar ba ƙanzo, ba kuma mai ce mini mijin banza.

Na koma don in faɗa wa Inna gaskiya. Na tsaya bakin ɗakin na ce, "Inna, gorar nan..."

"Hita! Mi namiji ka yi nan? Ba ka da kunya?"

"Inna, ai ni..."

"Na ce hita!"

Babanmu yana gona. Ko yana nan ma, ta ina zan fara masa zancen da su kansu maza ba sa yi? Sai na tuna mutum ɗaya ce ta san sirrin gorar, kakarta, ita kaɗai za ta san makarin abin da na zuba. Ban gaya wa kowa ba, ko takalmi ban tsaya nema ba, na kama hanyar Shagari. Sau ɗaya na taɓa zuwa, lokacin biki, shi ma a bayan jaki ina gyangyaɗi.

Gero ya fi ni tsawo hagu da dama, ba na ganin komai sai hanya da sama. Kowane motsi a cikin gona kura ce. Ban yi nisa ba sai cikina ya fara nasa shari'ar, don abin da aka auna wa mace ta sha cikin kwana biyar ni na zuba shi tashi ɗaya. Na ratse gonakin mutane sau nawa, ban ƙirga ba. Abin da na sani, in geron hanyar Shagari ya fi na ko'ina kyau bara, ni ya kamata a gode wa. Kowane tsugunno kuma sai in ce, to, ga alhakinta ya fara kama ni tun ba ta cika ba.

Na iske masu aikin hanya suna cike ramuka da marmara, da wani ɗan doka a tsaye a kansu. Na tabbata ni yake jira. Na shige gero na yi rarrafe na zagaye su, ƙaya ta yi mini zane a gwiwa. Can gaba na ji rurin mota, ga Bature a gaba da hular kwano. Na faɗa kwalbati na kwanta cikin taɓo, ina cewa shi ke nan, labari ya kai Sakkwato. Motar ta wuce, ko waiwaye bai yi ba. Na tashi ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

La'asar sakaliya na isa Shagari. Na yi tambaya aka nuna mini gidan. Tsohuwar tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, 'yar ƙarama, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Ban yi sallama ba, na zube a gabanta.

"Kaka, na kashe jikarki."

Mazarin ya faɗi daga hannunta. Ta dube ni, ga taɓo har gira, ta ce a hankali, "Kai wa na?"

Na faɗa mata. Na faɗi komai, tun daga zuma har gorar da ke kwance a ƙasa. Da na kai ƙarshe ta matso kusa.

"Mi kaz zuba mata?"

"Bagaruwa."

"Wadda anka sa hwata ciki, ko sabuwa?"

"Sabuwa, Kaka. Wallahi sabuwa."

"Ina taka riƙewa? Nan, ko nan?" Ta taɓa ƙirjinta, ta taɓa mara.

Na nuna mara. Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirga kwanakin wata, leɓenta na motsi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na fara nawa. Ashe dariya ce, har tana dukan cinya.

"Kai, ɓarawon zuma! Bagaruwa ba ta kisa. Mu da ka ba yara ita in zawo ya kama su? Sai dai ta ɗaure mata baki da ɗaci."

"To nishin hwa? Da aman?"

Ta share hawayen dariya, ta daina dariyar kuma. Ta ce tunda na sa bakina a gorar mata, sai in buɗe kunne in ji zancen mata. Ta ce kowace mace tana da kwanakinta a wata, waɗanda take ajiye salla. Kafin su zo, wasu matan ba sa jin komai, wasu kuwa jiki kan yi musu nauyi, ciki ya kumbura, baya da mara su riƙe, rai ya ɓaci ba dalili. Jikarta tana cikin masu shan wuya tun tana budurwa, haka uwarta ta yi. Citta da kanumfari suna dumama ciki, tsamiya da 'yar kanwa suna saki, akwai wani sassaƙe da ta ƙi gaya mini sunansa, zuma kuwa don ya shiga ne kawai. Ba ya raba ta da ciwon, sassautawa yake. Barin goro da rage gishiri da zuwa rijiya mai nisa duk ita ta koya mata.

Na ce, "Ashe ba aljanu ba ne."

"Aljani ɗaya ag gidanku, ga shi gabana." Ta nuna ni da mazari. "Ba ka kashe ta ba. Amma rabin nishin da kaj ji, kai kaj jawo mata shi. Tashi ga turmi can."

Na daka citta har hannuna ya yi kanta. Tana tace jiƙon sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kac ce duka kash shanye?"

"Duka."

"To. Kai ma sai ka jira naka watan."

Ban san ko wasa take ba, ban kuma iya tambaya ba.

Da asuba ta zuba jiƙon a wata gora, ta liƙe bakinta da kakin zuma, ta danna babban yatsanta a kai don a gane in an taɓa, ta haɗa ni da mai jakin albasa. Duk hanya tsoro bai sake ni ba. Tsohuwar ai ba ta ga jikarta ba, daga bakina ta ji. In ta yi kuskure fa? Da muka hango Bodinga na riƙa kasa kunne ko zan ji kukan mata. Na ga taron maza a ƙofar gidanmu, na ce shi ke nan, ta cika.

Ashe ni ake nema. An leƙa rijiyoyi uku, an aika har ƙauyukan gefe. Baba ya dube ni ya dubi reshen dalbejiya, na gane an ɗaga shari'ata zuwa an jima.

Na shige ciki da gorar a ƙirji. Matar yayana tana zaune a bakin ɗakinta tana tsintar wake, fuska ta faɗa, amma a zaune. Ta dubi gorar, ta dubi kakin, ta dube ni.

"Mijin banza ya dawo. Yau dai ka sawo wani abu."

Na ce, "Kin sha?"

"In sha mi? Ruwan jima? Hancina ya mutu?" Ta rage murya don maza na zaure. "Tun da kas shigo cin tuwo kana warin kanumhwari nis san kai na. Bayan ɗaki niz zubar."

"To don mi ba ki hwaɗi ba?"

"In hwaɗi gaban Baba? In ya ce maganin mi, in ce mishi mi?"

Haka abin ya ƙare. Ba ta sha ko ɗigo ba. Ta wuni ta kwana tana murƙususu don ba maganin, washegari kwanakinta suka zo, ciwon ya sake ta kamar yadda ya saba. Gorar da na ɗauko ta iso a makare, ba ta yi mata amfanin komai ba a wannan watan. Baba ya zane ni don na bar gari ba sallama, har yau bai san dalilin tafiyar ba. Ni kuma na yi wata uku ina duban jinjirin wata da faɗuwar gaba, ba abin da ya zo.