Gujiyar Kawu Illa ta soyu a hanya

Muna bisa moto, wato babur, ni da Kawu Illa, daga Garhanga za mu kasuwar Keita, buhun gujiyarsa ɗaure a baya, muna ratsa wani gari sai ƙamshin suya ya buso.

Kawu ya ja numfashi ya ce, "Ɗana, matan garin ga sun iya suya."

Muka wuce garin, muka shiga daji, ƙamshi bai rabu da mu ba.

Can sai wata tsohuwa mai jaki ta ɗaga mana hannu. Kawu ya tsaya.

"Lahiya, Inna?"

"Lahiya lau. Gujiyar taka ta saidawa ce ko ta sadaka? Na ga kana soyawa kana zubarwa."

Muka waiga. Ashe buhun ya zame ya kwanta bisa salansa, bututun hayaƙin moto, ya ƙone ya huje, ga jarkar esansi, wato fetur, ɗaure a gefensa. Nan da nan muka kashe wutar da ƙasa.

Kawu ya cika wa tsohuwa hannu da gujiya, muka gyara ɗaurin buhun muka nufi Keita.

Allah ya tsare, amma a riƙa nesanta kaya da salansa. Ku fa, me ta taɓa soya muku?